Facin da Ya Ƙi Saki

Shekara ashirin da shida mai faci ya yi a bakin layin nan, ƙarƙashin rumfar kwano, tsakanin shagon tela da famfon da ya daɗe da daina kawo ruwa, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa neman shawararsa a kan komai in ba taya ba. Ko tayar ma sai ta sace ake tunawa da shi. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin ba da iska wanda sai ya yi tari sau uku kafin ya tashi, da rabin duro na baƙin ruwa da yake tsoma tub a ciki don ya ga inda ke kumfa, da ƙarafan ɓamɓare taya, da gwangwanin gam. Abin taƙamarsa a duniya guda ɗaya ne, facinsa ba ya saki. Taya takan mutu murus a yar da ita, ka leƙa ciki ka tarar facinsa na nan daram.

A bayan rumfar akwai tsibin matattun tayoyi da ya fi mutum tsayi. Direbobi ne ke barinsu in sun sa sababbi, shi kuma ba ya iya hana su. Lokaci-lokaci masu neman wayar ƙarfen da ke cikin taya sukan kwashi wasu, su kai filin da ke ƙarshen layi su banka musu wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe unguwa har ya kama kayan shanya. Washegari rabin layin na tari, sauran rabin na zagin mai faci, sai ka ce shi ya ƙirƙiro taya.

Ga zafi kuma. Tun da aka faɗaɗa titi aka sare itatuwan bakin hanya, layin ya koma kamar kasko. Shekaru ukun nan kuwa abin ya wuce misali. Ƙarfe goma na safe ba ka iya dafa ƙofar ƙarfe, tsofaffi na yanke jiki su faɗi a hanyar kasuwa, ruwan sama kuma ya daina zuwa a lokacin da aka san shi da zuwa. Sai ya yi shiru har a fid da rai, sannan ya zo rana ɗaya ya zubar da na wata guda.

Tsohon hedimasta ne ya ce a kafa kwamitin dashen itatuwa. Mutum ne da ritaya ta riske shi bai shirya ba, ya rasa wanda zai tsawata wa, sai ya juyo kan unguwa. Amma a bar shi da halinsa, ya iya tara jama'a. Ya jawo malamar ƙaramin asibitin unguwa, mace mai saurin magana da saurin tafiya, wadda ta gaji da ganin masu tari da waɗanda zafi ya kayar. Suka samo dashe tamanin da huɗu, aka fito ranar Asabar aka haƙa ramuka, aka dasa, aka yi tafi. Kafin wata Asabar ta zagayo awaki sun cinye saba'in.

Tela ne ya ja mai faci zuwa zama na gaba. Su biyun maƙwabtan sana'a ne tun kafin ɗayansu ya yi aure. Tela mai surutu ne, mai faci mai sauraro, shi ya sa ba su taɓa sa-in-sa ba.

"Tashi mu je, ɗan'uwa," in ji tela. "Ko ba komai akwai fanka a ajin."

A wani aji na makarantar firamare aka yi zaman, manya sun takure a kujerun yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Aka yi awa guda ana maganar awaki. Wani ya ce a kewaye dashen da waya, aka ce ina wayar take. Wani ya ce a ɗaure awakin, masu awaki suka taso masa. Mai faci na can baya kusa da taga, bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Da taya aka sa."

Hedimasta ya zare tabarau. "Wa ya yi magana?"

"Ni ne, Malam. Na ce in aka jera taya huɗu-huɗu a kan kowane dashe, akuya ba za ta kai ba. Kuma tayar da ke bakin hanya kowa na kallo ba mai ɗauka ya ƙona."

Sai hedimasta ya buga tebur da tafin hannu, yadda ya saba yi wa ɗalibai.

"Kun ji? Awaki da hayaƙi, duk ya gama da su a magana ɗaya. Muna da injiniya a cikinmu muka zauna muna ɓata yawu."

Malamar asibiti ce kaɗai ta ɗaga hannu.

"Baba, ba za su tara ruwa ba? Taya in ta riƙe ruwa gidan sauro ce."

"Ai ba sa riƙewa, Malama. Tayar da ta zo bayan rumfata ta gama yawonta. Duk a fashe suke, wata ta gefe, wata ta tsakiya. Ko an zuba ruwa ta ƙasa zai fita."

Gaskiya ya faɗa, a ranar dai. Ta gyaɗa kai, ta ja layi a kan wani abu a takardarta, ba ta sake tayar da maganar ba. In mai faci ya ce taya a fashe take, wa zai yi musu?

Kafin a tashi hedimasta ya ƙara da cewa za a shafe tayoyin da farin fenti, domin akwai baƙi da za su zo ganin aikin, har da mai ɗaukar hoto.

"Injiniya, ka zaɓo mana masu kyan gani. Kada a ji kunya."

Sabon dashe sai bayan sati uku zai iso. Mai faci ya rushe tsibin ya baje tayoyin a rana, ya tsaya yana kallonsu, ransa ya ɓaci. Wannan gefenta a yage, waccan rami ne da hannu zai shige, wata waya ta leƙo. A ce waɗannan ne za a jera a bakin titi, baƙi su gani, a ce daga rumfarsa suka fito? Bai zauna ya yanke wata shawara ba, hannunsa ne ya yi aikin da ya saba. Ya wanke ta farko, ya yanko tsohon tub, ya kankare wurin da magagari, ya shafa gam, ya jira ya sha iska, ya manna, ya danne da guduma. Ya ja da yatsa ya ji ta kama. Ya ɗauko ta biyu.

Maganar malamar asibiti ta ɗan gilma masa sau ɗaya, ya ɗaga kai ya kalli rana ya ce a ransa, da wannan zafin wane ruwa ne zai kwana. Shi ke nan, bai sake tunawa ba. Mutumin da ya shekara ashirin da shida in ya ga huji ya toshe, ba sati uku ne za su koya masa ya ga huji ya wuce ba.

Matarsa ta kawo masa abincin rana ta same shi a tsugune.

"Matacciyar taya kake wa faci, Malam? Wa zai hau ta?"

"Ke ba ki san aiki ba."

"Na san mai rai ake wa magani."

Ta ajiye kwano ta tafi tana dariya, shi ma ya yi dariya, ya ci gaba. Taya ɗari uku da talatin da shida, duk wadda ke da rami sai da ya liƙe ta.

Aka dasa, aka jera, aka shafa fenti. Baƙi suka zo, hedimasta ya yi jawabi mai tsawo, aka jawo mai faci gaba a hoto da rigar da tela ya ɗinka masa musamman. Awaki suka zagaya suka zagaya suka haƙura. Hayaƙin ƙarshen layi ya ɗauke, domin babu abin ƙonawa. Cikin wata huɗu rassa suka leƙo saman tayoyin, suka fara baje ganye, kowane gida ya ɗauki itacen ƙofarsa yana ba shi ruwan wanke-wanke. Mai faci kuwa ya zama Injiniya har a bakin yara. Masu wucewa da ba su da taya suna tsayawa su gaishe shi, ana tambayarsa ra'ayinsa a kan kwata, a kan shara, har a kan wutar lantarki da bai san kanta ba. Ya ji daɗin abin, ba kaɗan ba, kuma bai ɓoye ba.

Sai ruwa ya sauka. Bai zo irin na bara ba, na rana ɗaya a wuce. Kwana uku-uku yake zuwa kamar da bakin ƙwarya, tsakani kuma rana ta buɗe da ɗumi mai nauyi, gumi ya ƙi bushewa a jiki. Kafin wata ya cika sauro ya mamaye layin, irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, mai cizo tun la'asar. Zazzaɓi ya biyo baya. Bencin ƙaramin asibiti ya cika, wasu na zaune a ƙasa.

Malamar asibiti ta bi gida-gida. Ta sa aka rufe duroruka, aka kifar da fasassun bokitai, aka yashe kwata ranar Asabar biyu a jere, aka cike kududdufin bayan makaranta da ƙasa. Ta raba gidan sauro har ya ƙare. Tayoyin kuwa tana wuce su sau ashirin a rana. In ka leƙa ta sama ƙasa kake gani da gindin itace, a bushe ƙayau, ruwan yana can cikin kumatun tayar inda ido ba ya kai. Kuma ai an riga an ce mata a fashe suke.

Daga nan magana ta fara yawo. Ba a san bakin da ta fara fitowa ba, amma kowa ya ji ta yi masa daidai: itatuwan ne. Kafin a dasa su ba mu san wannan ba. Da yamma ka girgiza reshe ka ga abin da zai tashi. Malamar asibiti ta yi ta bayani cewa ganye ba ya haifar sauro, cikin ruwa yake ƙyanƙyashewa. Aka ce mata to ina ruwan, tunda duk an kifar an cike? Mutane kuwa ba sa yafe wa mai ilimi in ya rasa amsa.

Wata Litinin da hantsi wani mai babur ya goge jerin tayoyin da ke gaban rumfar mai faci, ta sama ta goce. Ya tashi ya gyara ta. Da ya kama ya ji ta da nauyin da bai kamata ba, ya kuma ji wani ɗan ƙara a ciki, culuk. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin kumatun. Ruwa ne mai ɗumi, ya kai masa wuyan hannu. Ya ɗebo a tafinsa ya fito da shi rana, ga su nan, 'yan ƙananan tsutsotsi baƙaƙe suna wutsil-wutsil, sun fi a ƙirga. Ya san su. Su ne yake ɗiga wa baƙin mai a rabin duronsa duk sati don kada su yi fiffike.

Ya mayar da hannu ya lalubi ƙasan tayar. Yatsunsa suka sami facin, gefensa a kwance lif, ko ɗigo ba ya fita. Abin kunya, abin da ya fara ji a ransa shi ne aikin ya yi kyau. Sai daga baya ya gane ɓarnar da ya yi. Ya duba ta ƙasanta, ya duba jerin gaba, ya duba na gaban wancan. Ko'ina ɗaya.

Tela ya leƙo daga shago, allura a baki.

"Injiniya, me ka yar?"

"Ba komai. Dubawa nake."

Ya koma rumfa ya zauna. Ya ce gobe zai je wajen malamar asibiti. Gobe ta yi ya ce bari ya fara huda su da kansa a hankali, in ruwan ya tsiyaye sauro ya ragu, magana ta mutu ba tare da an kira sunan kowa ba. Ya wasa wani ƙarfe, ya riƙa fita da tsakar rana lokacin da layi ya yi shiru. Nan ya gane aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Rassa sun baje, ba a iya zare taya ta sama sai an karya su. Dole wani ya ɗaga na sama ya riƙe, sannan a kai ga ƙasan ta ƙasa. Shi kaɗai, da kafaɗa da gwiwa, ya huda goma sha ɗaya cikin kwana uku, kowacce ta bar baƙin tabon ruwa a kan farin fenti. Wata tsohuwa ta tsaya ta tambaye shi ko tayoyin ne suka lalace. Ya ce a'a, ya kwashe ƙarfensa, bai sake fita ba.

Ranar Asabar matar tela ta kwanta. Tana da ciki wata biyar, wanda suka shekara tara suna jira, har tela ya riga ya yanka 'yan riguna daga ragowar yadi ya ɓoye a ƙasan tebur don kada a yi masa dariya. Zazzaɓin ya yi mata zafi, aka wuce da ita babban asibiti. Ranar Laraba cikin ya zube.

Mai faci ya je gaisuwa. Ya zauna a tabarma kusa da tela, ya ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya mayar da alheri, tela ya ce amin. Ba wanda ya ga wani abu a fuskarsa, domin dama ba mai yawan magana ba ne.

Washegari tela bai buɗe shago ba. Ya bi layin ƙofa-ƙofa, babu ihu babu zagi, yana cewa a zo zama ranar Asabar, kuma mai adda ya zo da addarsa. Mutumin da aka sani da barkwanci in ya zo maka fuska ba walwala, ba ka iya ce masa a'a.

Ranar Juma'a da la'asar mai faci ya rufe rumfa da wuri ya koma gida. Matarsa na tsakar gida tana ninke kaya. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Na ga hannun rigarka na dawowa a jiƙe," in ji ta. "Na zaci duro ne."

"Gobe za su sare itatuwan."

"To ka bari su sare mana."

Ya ɗago ya kalle ta.

"Ka saurare ni, Malam. In aka sare itatuwan, tayoyin ba su da amfani, kwashe su za a yi. Ruwa ya zube, sauro ya tafi, kowa ya ce ai dama mun faɗa, itatuwa ne. Lafiya ta samu, kai ma ka tsira da mutuncinka. Wa ya cutu?"

"Tayoyin ina za su?"

"Inda suka saba zuwa."

"Filin ƙarshen layi ke nan. Kuma layin nan ko tsinke ba za a sake dasawa ba, har jikokinmu. Duk wanda ya zo da dashe za a ce masa an gwada, mutane sun mutu."

"Ni dai ba itace na aura ba," in ji ta. "Ka san abin da mutumin nan ya rasa. Da wane ido za ka kalle shi? Ni da wane ido zan shiga wajen matarsa?"

Tsoro yake ji, tsoro sosai, kuma ya san maganarta babu ƙarya a ciki ko ɗaya.

Ranar Asabar ajin bai ɗauki mutane ba, har tagogi an tsaya. Adduna tara na jingine a bakin ƙofa. Tela ya miƙe ya yi magana gajeriya, ya ce shi bai zo neman mai laifi ba, kowa da kyakkyawar niyya aka dasa, amma inuwar da za ta ci mutane gara rana. Hedimasta ya yi ƙoƙarin jawabi a kan ɗumamar yanayi, aka bar shi ya kai rabi aka fara surutu. Malamar asibiti ta sake cewa ba ganye ba ne, ruwa ne, a ba ta sati biyu ta nemo shi. Wata murya daga taga ta ce sati biyun nan wa za a binne a ciki. Hedimasta ya share gumi ya ce to, a ɗaga hannu.

"Malam, a dakata."

Mai faci ne, a tsaye, riƙe da gorar roba da aka yanke wa kai.

"Injiniya, mun san aikinka ne, dole ka ji ciwo," in ji hedimasta. "Amma jama'a..."

"Ku fito ku ga wani abu. Nan bakin ƙofa ne."

Bai jira amsa ba ya fita. Aka biyo shi, wasu don son gani, wasu don su sha iska. A jerin farko da ke ƙofar makaranta ya zura gorar cikin kumatun tayar sama, ya ɗebo, ya miƙa wa malamar asibiti. Ta ɗaga ta a rana. Ta ga tsutsotsin suna wutsil-wutsil, ta miƙa wa na kusa da ita, ta zura nata hannun cikin ta biyu, ta uku, ta ruga jerin gaba. Da ta dawo hannun rigarta na ɗiga.

"Baba, ka ce min a fashe suke."

"A fashe suke, Malama. Ni na liƙe su."

"Ka liƙe? Duka?"

"Duk mai rami."

"Don me?"

"Don su yi kyau a ido."

Wani a baya ya tuntsire da dariya, domin abin da ban dariya, matacciyar taya da faci. Dariyar ba ta sami abokin yi ba ta mutu. Hedimasta ya mayar da tabarau ya ce shi dai masu kyan gani ya ce a zaɓo, bai ce a liƙe komai ba, kowa shaida ne. Daga nan hayaniya ta ɓarke. Aka kira mai faci sunaye da yawa, babu Injiniya a ciki. Yana tsaye hannuwa a saki, yana jin kowanne.

Malamar asibiti ce ta hau kan dakali ta tafa hannu.

"Zagin ba zai zubar da ruwan ba. Ni ma na yarda da magana ban duba ba. Masu adda, ku ajiye, ku je ku kawo ƙarafa masu tsini. Mutum biyu su ɗaga, ɗaya ya huda, mata da yara ku ɗebo yashi a cika kumatun. Yau za a gama."

Ba a ɗaga hannu a kan sara ba, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar. Aka rabu gungu-gungu. Sai ga shi mai faci ake nema ko'ina, domin wurin da ya fi sauƙin hudawa shi ne kan facin, kuma shi ya san inda kowanne yake. Yakan shafa gefen taya ya ce nan, a soka, baƙin ruwa ya tsarto. Ba mai yi masa magana in ba ta aiki ba. Ruwan ya bi gefen titi yana wari, awaki na tsaye nesa suna kallo.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka iso jerin da ke ƙofar shagon tela. Tun bakin makaranta tela yana dai biye da mutane hannuwa a baya. Nan ya matso, ya ce wa wanda ke ɗagawa ya ba shi wuri, ya sa hannu biyu ya ɗaga tayoyin sama. Mai faci ya durƙusa ya lalubi facin. Kansu ya kusa haɗuwa.

"Ɗan'uwa," in ji tela a hankali, "yau ka gane?"

Kalma ɗaya ce, ya ce e, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Mai faci ya dubi ƙarfen da ke hannunsa.

"A'a."

"Yaushe?"

"Litinin ɗin waccan. Ranar da mai babur ya goge ta gaban rumfata."

"Ranar da na tambaye ka me ka yar."

"Ita."

Malamar asibiti na kusa, ta ji. Ta yi saurin cewa zazzaɓi yakan ɗauki kwanaki a jiki kafin ya nuna, mai yiwuwa tun kafin ranar sauron ya cije ta, ko da an huda a lokacin ba lallai ne...

"Ba ke na tambaya ba, Malama."

Tela ya sauke tayoyin sannu a hankali, ya kauce wa reshen don kada ya karye. Ya goge tafukansa a jikin riga, ya shiga shago ya jawo ƙofa.

Mutanen da ke wurin suka kalli juna, kowa ya tuna akwai aiki a jerin gaba. Mai faci ya ɗan jima a durƙushe. Sannan ya cusa kafaɗarsa ƙarƙashin tayar, ya ɗaga, ya soka ƙarfen. Facin ya ƙi, sai a karo na uku ya ɓalle, ruwan ya gangara ya bi ta ƙarƙashin ƙofar shagon.